Darasin Kimiyya: Yadda Zane Ke Magana da Ido

Aji: Babbar sakandare, aji ɗaya
Lokaci: Minti 80
Kayan aiki: Alli, farar takarda, almakashi, rula, alƙalamin maka baƙi da ja, buhun taki wanda ba komai a ciki, takardun kuɗi na naira 200 da 500 da 1000, wayar hannu, ƙaramar tutar Nijeriya, da hoton kwalbar maganin feshi. Hoto kawai za a kawo, kwalbar ba ta shiga aji domin guba ce.

Manufa

A ƙarshen darasin ɗalibi zai iya:
1. Bayyana yadda ido ke bin zane.
2. Kawo tubalan da ake gina kowane zane da su.
3. Bambanta launin haske da launin tawada.
4. Lissafa girman harafin da ya dace da allon gefen titi.
5. Gyara sanarwar da aka cunkushe.

Gabatarwa

Ɗalibai, a Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya ta nufi Jos, abubuwa da yawa suna yi wa matafiyi magana ba da murya ba. Ga allon hanya, ga lambar mota, ga zaki da gaggafa a bayan manyan motoci. Ga allunan masu shayi da masu faci da masu sayar da taki, ga hotunan 'yan takara a jikin bango da turakun lantarki. Kowannensu wani ne ya zauna ya tsara shi don saƙo ya shiga ta ido. Wannan sana'a ita ce zanen isar da saƙo, wadda masu shagon kwamfuta ke kira girafik.

Wani allon tun daga nesa kun gane abin da yake nufi. Wani kuwa sai kun tsaya a gabansa kuna ƙanƙance ido. Tsadar fenti ba ta da hannu a wannan bambanci. Mai allon farko ya bi yadda ido da ƙwaƙwalwa ke aiki, ko ya san ya bi ko bai sani ba, mai na biyu kuma ya saɓa. Abin da ya kawo batun ajin kimiyya ke nan. Ku riƙe wannan tun yanzu: mai zane ne ke yanke abin da ido zai fara gani, da wanda zai biyo baya, da na ƙarshe, kuma akwai ƙa'idojin yin haka.

Mataki na 1: Ido da iyakarsa

Haske yana shiga ta ɗan baƙin da ke tsakiyar ido, ya sauka a kan wani tantani da ke can bayan ƙwayar idon. A jikin tantanin akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu jin haske. Na farko masu siffar sanda ne, sun haura miliyan 90, su ke aiki cikin duhu, kuma ba ruwansu da launi. Na biyu masu siffar mazurari ne, wajen miliyan 6, su ke ganin launi da ƙananan abubuwa idan akwai wadatar haske.

Masu siffar mazurarin sun fi cunkusuwa a wani ɗan gurbi da ke tsakiyar tantanin, kuma da wannan gurbi kaɗai muke gani tangaran. Kowa ya miƙa hannunsa gaba ya ɗaga babban yatsa. Faɗin yatsan nan, kimanin digiri 2, shi ne iyakar abin da ido ke gani sarai a lokaci guda. Sauran duk dishi-dishi ne.

Gwaji na 1: Ku kafa ido a kan kalmar farko ta layin da na rubuta a allo. Kada ku motsa shi. Wa zai karanta mini kalmar ƙarshe? Babu. Kuna ganin akwai rubutu a wurin, amma ba ya karantuwa.

Saboda wannan ƙarancin, ido ba ya zama wuri guda. Tsalle yake yi, sau uku zuwa huɗu a daƙiƙa, ya ɗauko nan ya ɗauko can, ƙwaƙwalwa ta harhaɗa. Kuma ba da ka yake tsallen ba. Abin da ya fi girma, ko ya fi haske ko duhu, ko launinsa ya fita daban, ko fuskar mutum, shi ke fara jan sa. Duk sauran darasin a kan wannan gaskiya ya tsaya.

Mataki na 2: Tubalan zane

Ɗigo. Shi ne mafi ƙanƙanta. Ku ɗiga baƙin maka a tsakiyar farar takarda, ku ɗaga wa na kusa da ku. Idonsa kan ɗigon zai fara sauka, alhali farin ya ninka shi sau dubbai. Hoton da ke fuskar waya ma ɗigo-ɗigo ne, haka wanda injin ɗab'i ya buga.

Layi. Idan ɗigo ya yi tafiya ya zama layi, ido kuma ya bi shi. Layin kwance yana ba da natsuwa, na tsaye yana nuna ƙarfi, na karkace yana nuna motsi. Layi na iya ɗaukar doka sukutum: farin layin tsakiyar kwalta idan tsinke-tsinke ne, direba na iya wuce na gabansa in hanya ta yi kyau, in kuwa ɗorarre ne ba tsinkewa, an hana. Ba harafi ko ɗaya, amma duk direban da ya san aikinsa ya karanta.

Siffa. Idan layi ya zagayo ya haɗe da kansa ya zama siffa. A alamomin hanya, mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, kamar na kwana ko gangara irin waɗanda matafiyi ke bi ta dajin Falgore. Da'ira umarni ce ko hani. Mai kusurwa huɗu bayani ne, wato sunan gari da nisansa. Alamar tsayawa kuwa ita kaɗai aka ba kusurwa takwas, domin ko ƙura ta rufe rubutun, ko ta baya aka hango ta, a gane ta. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 ce ta tsara irin waɗannan alamomi don ƙasashe su yi tarayya a kansu.

'Yan siyasar ƙasar nan sun daɗe da sanin ƙarfin siffa. A Jamhuriya ta Ɗaya NPC fartanya ce alamarta, NEPU tauraro. A 1979 PRP ta zo da mabuɗi, NPN da gida da masara. Yau ga tsintsiya ga lema. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana duba takardar ƙuri'a ta nemo alamar da take so ta dangwala. Ku lura, duk alamun nan abubuwa ne da za a gane ko inuwarsu kaɗai aka zana.

Fili. Wurin da aka bari ba komai shi ma tubali ne, kuma shi sabon mai zane ya fi rainawa. Fili ne ke ware abu daga abu, shi ke sa muhimmin abu ya fito. Mai shago yakan ce tunda ya biya kuɗin allo a cika masa shi taf. In aka biye masa, ido ya rasa inda zai sauka.

Saura tubali biyu, launi da rubutu. Su za mu fi daɗewa a kansu.

Mataki na 3: Launi

A wajen 1666 Isaac Newton ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku a Ingila, sai hasken ya rarrabu zuwa launukan bakan gizo. Ya nuna cewa farin haske gauraye ne. Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, kuma tsawon zangon igiyar ne ke ba da launi. Idonmu na ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ko kusa da haka: gajeren zango shuɗi, matsakaici kore, dogo ja. Ganyen masara yana shanye ja da shuɗi ya maido mana kore, shi ya sa muke ce masa kore. Ƙwayoyin nan masu siffar mazurari kashi uku ne, kowane kashi da zangon da ya fi ji, ƙwaƙwalwa kuma tana auna amsarsu ta fitar da launi.

Daga nan hanyar haɗa launi ta rabu biyu.

Ta farko ta haske ce, irin ta waya da talabijin da kwamfuta. Kowane ɗigo na fuskar waya yana da 'yan fitilu uku: ja, kore, shuɗi. Ja da kore in suka kunnu tare su ba da rawaya. Ukun duka su ba da fari. In duk suka mutu, baƙi. A shagon kwamfuta ana kiran wannan RGB.

Gwaji na 2: A buɗe farin shafi a waya, a ɗora masa ɗan mitsitsin ɗigon ruwa da bakin tsinke. Ruwan zai zama madubin ƙara girma, ku ga ja da kore da shuɗi a inda kuka ɗauka fari ne zalla.

Ta biyu ta tawada ce da fenti. Tawada ba ta ba da haske, shanye shi take yi, don haka duk launin da aka ƙara sai abin ya ƙara duhu. Injin ɗab'i yana aiki da tawada huɗu: shuɗi mai haske, ja mai ratsin hoda, rawaya, da baƙi. Wannan ne CMYK. Ku matsa kusa da babbar bana ta talla za ku ga ɗige-ɗigen. Nan ne asalin rigimar da ake yawan yi tsakanin mai aiki da mai shago: koren da ya yi ƙyalli a waya ya fito a takarda ya dushe. Fitila ce ta ba da na farko, tawada ba za ta iya kamo ta ba. Rana ma tana da nata: tana cinye rawaya da ja kafin shuɗi, shi ya sa fastar zaɓe in ta kwana biyu a bango sai ta koma shuɗi-shuɗi.

Launi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa na canza shi. Michel Chevreul, masanin sinadarai da ke kula da rini a masaƙar Gobelins ta birnin Faris, ya bi diddigin ƙorafin masaƙa cewa baƙin zarensu ba ya fita sosai. Ya gano rinin lafiya lau yake, launin da ke gefensa ne ke ruɗin ido, ya kuma wallafa bayanin a 1839. Ku yanka takarda mai ruwan toka gida biyu, ku ɗora ɗaya a kan fari ɗaya a kan baƙi. Na kan baƙin zai fi haske, alhali takarda guda ce.

Gwaji na 3: Ku zuba wa tutar Nijeriya ido na daƙiƙa 30, sannan ku juya ga farin bango. Inda kore yake za ku ga ruwan hoda. Ƙwayoyin da ke jin kore sun gaji, sauran suka rinjaye su na ɗan lokaci.

Abin da mai zane ya fi buƙata daga duk wannan shi ne tazarar haske da duhu tsakanin rubutu da bangonsa. Masana sun auna ta: baƙi a kan fari 21 ne bisa 1, mafi girma ke nan. Ƙa'idar shafukan intanet ta nemi aƙalla 4.5 bisa 1 ga ƙananan rubutu. Rawaya a kan fari da ƙyar ya wuce 1 bisa 1, wato kusan babu. Ja a kan kore, ko ja a kan shuɗi, duhunsu ya yi kusa, sai rubutun ya riƙa rawa a ido. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce a ɗauki hoton zanen da waya a mai da shi baƙi da fari. In rubutun ya ɓace, a sake launi.

Launi kuma yana ɗaukar ma'anar da aka yi yarjejeniya a kanta. Lambar mota mai shuɗin rubutu ta gida ce, mai ja ta haya, mai kore ta gwamnati. A Nuwamba 2022 da aka fito da sababbin takardun naira, hotunan da ke jiki ba su canza ba, launi ne ya canza: 200 ta koma ja, 500 kore, 1000 shuɗi, kuma da launin mutane suka riƙa rabe sabuwa da tsohuwa. A asibitin sha-ka-tafi, tef ɗin da ake auna damtsen yaro da shi yana da ja ƙasa da santimita 11.5, rawaya daga nan zuwa 12.5, kore daga nan sama, don uwa ta gane halin ɗanta da ido.

Wanda ya fi shafar mu, 'ya'yan manoman shinkafa da masara, shi ne ratsin launin da ke gindin takardar maganin feshi. A tsarin da Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shimfiɗa, ja na nufin guba mai tsanani, rawaya mai cutarwa, shuɗi a yi hattara, kore mafi sauƙin haɗari. Kore ba ya nufin a yi sakaci. Ku duba hoton da na kawo: ban da launin akwai ƙoƙon kai da ƙasusuwa, akwai 'yan hotunan safar hannu da takunkumi. Me ya sa aka ninka saƙon? Domin akwai masu makantar launi, waɗanda ja da kore ke rikice musu. Gado ne, kuma ya fi yawa ga maza. John Dalton ya bayyana irin nasa a 1794. Don haka saƙon da rai ya rataya a kansa ba a barin sa ga launi kaɗai. Fitilar kan titi ma ja kullum a sama take, kore a ƙasa.

Mataki na 4: Rubutu

Harafi siffa ce kafin ya zama sauti. Salon haruffan boko manyan gida biyu ne. Akwai masu 'yan ƙafafu a ƙarshen kowane layi, irin Times New Roman da aka ƙera wa jaridar Times ta Landan a 1932, waɗanda aka saba gani a littafi da jarida. Akwai marasa ƙafa irin Arial, su aka fi sawa a allon hanya da fuskar waya. Sai masu lanƙwasa da ado, waɗanda suka dace da sunan ango da amarya a katin biki, amma ba su dace da lambar waya ba. Salo biyu sun isa zane guda.

Mai rubuta Hausa yana da ƙarin aiki. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939. Har yau salo da yawa na kwamfuta ba su da su. Wani ya bar gurbi, wani ya aro harafin daga wani salon ya fito bambaraƙwai. Kafin ka zaɓi salo, buga haruffan uku ka gani. In ka yar da ƙugiya, masaukin baƙi ya koma masaukin baki.

Yanzu lissafi. A 1862 likitan ido Herman Snellen na ƙasar Holan ya tsara allon gwajin gani da kuke gani a asibiti. A ma'auninsa, lafiyayyen ido yana karanta harafi mai tsayin milimita 8.7 daga nisan mita 6. Wato kowace mita guda tana neman wajen milimita 1.45.

A ce mai sayar da taki a bakin titi yana son direban da ya taso daga Kafin Maiyaki ya karanta allonsa.

Gudun mota: kilomita 80 a awa.
Mita 80,000 a raba da daƙiƙa 3,600 ya ba da wajen mita 22 a daƙiƙa.
Lokacin karatu: daƙiƙa 3.
Nisan da za a fara karatu: 22 sau 3, mita 66.
Tsayin harafi: 66 sau 1.45, wajen milimita 96, kusan santimita 10.

Wannan na mai lafiyar ido ne da ke tsaye cikin haske mai kyau. Direba yana tafiya, gilashinsa da ƙura, ga hazon hunturu, kuma rabin hankalinsa na kan titi. Sai a ninka: santimita 20. Cikin daƙiƙa ukun nan idonsa tsalle goma kacal zai yi ko kusa da haka, kuma ba duka a kan allon ba. Kalma biyar ko shida ita ce iyaka. Allon da ya jero sunan mai shago da kirarinsa, da kaya iri goma, da lambar waya uku, mai tafiya a ƙasa kaɗai zai amfana da shi. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Mataki na 5: Ƙa'idojin haɗa tubalan

A 1923 Max Wertheimer, masanin halayyar ɗan'adam a Jamus, ya wallafa bincike a kan yadda ƙwaƙwalwa ke tattara abin da ido ya kawo mata gungu-gungu. Shi da abokan aikinsa Kurt Koffka da Wolfgang Köhler ake kira mazhabar Gestalt. Ga huɗu daga cikin ƙa'idojin wannan mazhaba.

Kusanci. Abubuwan da ke kusa da juna ƙwaƙwalwa na ɗaukar su iyali guda. Mai tumatir a kasuwa ba ya zana layi tsakanin kashi da kashi, 'yar tazara yake bari, kuma ba wanda ke ruɗewa. Lambar waya mai alƙaluma 11 in aka raba ta huɗu, uku, huɗu, ta fi saurin shiga kai. A sanarwa, rana da lokaci da wuri su zauna tare.

Kamanni. Abubuwa masu launi ɗaya ko siffa ɗaya ana ɗaukar aikinsu ɗaya. In farashi guda ja ne, duk farashi ya zama ja.

Ɗorewa. Ido yana bin layi har inda ya nufa, ko da wani abu ya gitta. Ku dubi Dagin Arewa a jikin babbar riga ko bangon gidajen Kano da Zariya: zaren yana nutsewa ƙarƙashin ɗan'uwansa ya ɓullo, amma ba ku taɓa ganin sa a tsinke ba.

Gaba da baya. Ƙwaƙwalwa na raba abin kallo da bangonsa. Rubutun da aka ɗora kan hoto mai tarkace yana hana ta wannan rabon.

A kan waɗannan masu zane suka gina nasu ƙa'idojin aiki.

Fifiko shi ne babba: abu mafi muhimmanci ya fi kowa girma ko duhu, na biyu ya bi shi, na uku ya bi na biyu. Ku dubi buhun takin nan. Me kuka fara gani? Alƙaluman 15-15-15, domin su ne ke gaya wa manomi kason sinadarai uku da ke ciki. Sai sunan kamfani, sai nauyin kilo 50, sai ƙananan bayanai. In komai ya zama babba, to babu babba.

Alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da hannu, irin su marigayi Sharif Bala Gabari na Kano, sun riga kwamfuta sanin wannan. Baƙaƙen suna da baƙar tawada mai kauri, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya. Kan sura ya fita daban, kumsa da kuri suna ƙirga ayoyi, zayyanar gefen shafi tana nuna izu da sumuni da wurin sujada. Ido ya ɗauki baƙi tukuna, sannan ja, sannan gefe. Ku lura kuma ajami daga dama yake farawa, boko daga hagu, don haka allon da ya haɗa su biyun sai an ba kowanne bakin farawarsa.

Sahu: rubutu da hotuna su jeru a kan layi guda da ba a zana ba, ko duk a hagu, ko duk a tsakiya.

Maimaici: launi da salo su dawo a allo da rasit da leda, har a san shagon da su. Rawayar A Daidaita Sahu a Kano misali ce.

Daidaito: nauyin zane kada ya rinjaya gefe guda. Tutarmu kore, fari, kore ce, kashi uku daidai wa daida. Michael Taiwo Akinkunmi, lokacin yana ɗalibi a Landan, shi ya zana ta a 1959, kuma a zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin. Masu tantancewa suka cire ranar. Abin da ya rage yaro ɗan aji ɗaya na firamare zai iya zanawa da ka, kuma ana gane shi daga nesa ko iska na kaɗa shi.

Mataki na 6: Aiki a aji

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar. Na rubuta a allo sanarwar walimar saukar Alƙur'ani ta wata Islamiyya, duk da manyan baƙaƙe masu girma ɗaya, layi tara, ba tazara. Kowane rukuni ya sake tsara ta a farar takarda da maka biyu kacal, baƙi da ja, bisa wannan tsari:

1. Ku tambayi kanku: wa zai karanta, a tsaye ko a mota, daga wane nisa?
2. Ku jera bayanan bisa muhimmanci, ku ba su lamba 1, 2, 3.
3. Ku soke duk abin da in babu shi saƙon bai ragu ba.
4. Ku tara dangi wuri guda, ku bar fili tsakanin gungu da gungu.
5. Ku zaɓi sahu guda ku tsaya a kansa.
6. Ja a wuri ɗaya tak.

In kun gama, ɗaya ya tsaya a ƙarshen aji, a ɗaga masa takardar na daƙiƙa uku a sauke. Ya faɗi abin da ya gani. In ya kawo mene ne, yaushe, a ina, rukunin ya ci. In abin da ya fara gani adon gefe ne, a koma lamba ta biyu.

Taƙaitawa

Ido yana gani sarai a ɗan ƙaramin gurbi ne, don haka tsalle yake yi, mai zane kuma shi ke shirya masa inda zai sauka. Tubalan shida ne: ɗigo, layi, siffa, fili, launi, rubutu. Launin waya na haske ne, na takarda na tawada. Tazarar haske da duhu ce ke sa rubutu ya karantu. Nisa da gudu ne ke yanke girman harafi. Kusanci, kamanni, ɗorewa, fifiko, sahu, maimaici da daidaito su ke haɗa tubalan su zama saƙo. Ko da CorelDRAW aka yi aikin, ko Canva a waya, ko buroshi da gwangwanin fenti, ƙa'idar ba ta canzawa, domin idon mai kallo bai canza ba.

Auna fahimta

1. Me ya sa ba a iya karanta dogon layi ba tare da motsa ido ba?
2. Kawo ma'anar kusurwa uku, da'ira, da kusurwa takwas a alamomin hanya.
3. Me ja da kore ke bayarwa a fuskar waya? Me zai faru in fenti ne aka gauraya?
4. Jera launuka huɗu na takardar maganin feshi daga mafi haɗari.
5. Mota tana gudun kilomita 100 a awa. Lissafa tsayin harafin da direba zai karanta cikin daƙiƙa 3, sannan ka ninka shi.

Jinga

Kowa ya nemo alluna biyu a garinsu, ko Bebeji ne, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko Riruwai: ɗaya mai saurin karantuwa, ɗaya mai wahala. A kwafo su a littafi ba tare da sunan mai shago ko lambar wayarsa ba. A ja da baya ana ƙirga taku har inda rubutun ya daina karantuwa, a rubuta adadin takun. A ƙarƙashin kowanne a kawo ƙa'idoji biyu da ya bi ko ya karya, sannan a sake zana mai wahalar da kalmomin da ba su wuce shida ba. Za a karɓa ranar Litinin, kafin darasin madubi da lanƙwasar haske.